Damfarar haraji da tsaron zaɓe: tambayoyin da mutanen Zariya suke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa, a majalisa bayan la'asar, a gurup ɗin WhatsApp na 'yan kasuwa, wani lokacin ma a layin mai POS. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji saƙonnin ƙarya suka ƙaru a wayoyin mutane, ga kuma guguwar siyasa da ba ta taɓa kwanciya gaba ɗaya, shi ya sa na ga gara a tara su wuri guda. Na sa musu lamba saboda in wata amsar ta taɓo wata sai ka koma ka duba.

1. Wai me ya haɗa haraji da zaɓe har aka zuba su a shafi ɗaya?

Mutum ɗaya ake cuta a duka biyun, kuma hanyar cutar kusan ɗaya ce. Ɗan damfarar haraji da ɗan maguɗin zaɓe duk abu uku suke nema a wurinka: lambobinka na sirri, ka tsorata ko ka yi kwaɗayi, sannan ka bar wurin ba tare da wata takarda a hannunka ba. In ka biya kuɗi ba rasit to kamar ba ka biya ba ne, in kuma aka ƙirga ƙuri'a ba wanda ya ga abun da aka rubuta a takardar sakamako to komai ma zai iya faruwa a hanya.

Sannan kuɗin harajin nan wanda aka zaɓa ne yake riƙe shi. Dattawanmu ba su manta da 1979 ba, lokacin da Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan Kaduna a jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali, Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano. Ƙuri'a ce ta kawo wannan.

2. Su wa ke da ikon karɓar haraji a hannuna a nan Zariya?

Hawa uku ne. Akwai hukumar tarayya wadda muka sani da FIRS, daga 1 ga Janairun 2026 ta koma NRS bayan dokokin haraji guda huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ita yawanci kamfanoni take bi da VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, da makamantansu. Kai kuma da kake mutum ɗaya, tela ne kai a Tudun Wada ko malamar makaranta ce ke a Samaru ko mai kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari, harajin abun da kake samu na jiharka ne, wato hukumar KADIRS ta jihar Kaduna. Ma'aikaci shi tun daga albashi ake cire masa nasa, wanda ya ɗauke shi aiki ne zai miƙa. Sai ƙananan kuɗaɗe irin na rumfar kasuwa, mahauta da tashar mota, waɗannan asalinsu na ƙaramar hukuma ne.

Amfanin sanin wannan shi ne, in wani ya bugo wa mai shayi ko mai wankin mota waya yana turanci wai daga hedikwata a Abuja ake binsa bashin haraji, tun daga nan ka san akwai lauje cikin naɗi.

3. An turo min saƙo wai za a rufe asusuna na banki in ban yi lambar haraji ba, an sa linki. In danna?

A'a, kar ka danna, goge shi kawai. Lambar haraji kyauta ce tun lokacin da ake ce mata TIN, ba a sayar da ita. A sabon tsarin ma hukumar ta bayyana cewa NIN ɗinka ita ce lambar harajinka in kai mutum ɗaya ne, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC. To me za ka je cikewa a wani shafin da ba ka san mai shi ba?

Ga yadda suke yi. Linkin zai kai ka wani shafi mai tambarin gwamnati kore shar, har da mikiya da dawakai, zai ce ka sa suna da lambar waya, daga nan BVN, daga nan lambar katin ATM da lambobi ukun nan na bayansa, can ƙarshe sai ya ce an turo maka wata lamba a waya ka shigar don a tabbatar kai ne. Wannan lambar ta ƙarshe, OTP, ita ce makullin, bankinka ne ya turo ta saboda wani yana can yana ƙoƙarin cire kuɗinka, da ka ba su shikenan. Wasu ba sa ma wahalar linki, kira suke yi, su faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka don ka yarda, alhali tsintar bayanan suka yi a wani wuri. Babu hukumar haraji ko ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ka OTP ko lambar sirrin katinka, ko da kuwa a cikin bankin kake tsaye. Shafukan hukumomin gwamnati kuma yawanci da .gov.ng suke ƙarewa, ka dinga duba ƙarshen adireshin da kyau saboda suna sauya harafi ɗaya ne kawai. In ka riga ka danna, tafi tambaya ta 8 yanzu-yanzu.

4. Da gaske ne duk kuɗin da ya shigo min asusu gwamnati za ta yanki haraji a ciki?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan jita-jitar ta cutar da mutane sosai don wasu sun kwashe kuɗinsu sun kai gida ɓarayi suka samu. Haraji a kan abun da ka samu na riba ko albashi yake, kuɗin da yayanka ya turo daga Legas a yi wa Inna magani ko kuɗin adashi da ya ratsa ta asusunka ba ribarka ba ne. Taiwo Oyedele da ya jagoranci kwamitin gyaran harajin ya sha fitowa yana cewa ba za a dinga zarar kuɗi kai tsaye daga asusun mutane ba. A sabuwar dokar naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu sam, abun da ya hau kai ne ake fara lissafa wa kashi 15 cikin ɗari, misali wanda kuɗinsa da ake lissafa wa haraji ya kai miliyan ɗaya, a kan 200,000 kawai za a yi lissafi, wato naira 30,000 a shekara.

Naira 50 ɗin nan da kake gani ana cirewa in tiransifa ta kai 10,000 zuwa sama ita daban ce, ta daɗe, kuma ba wani ne zai kira ka ya karɓa ba. Shawarata ga 'yan kasuwa dai ita ce a raba asusun shago da na gida, a kuma sami littafi ana rubuta shiga da fita, ranar da aka ƙiyasta maka abun da ya fi ƙarfinka littafin nan ne zai tsaya maka.

5. Wasu sun zo shagona da riga mai ƙyalli da kati a wuya, sun ce in biya a take ko su garƙame. Ya zan yi?

Wannan ita ce ta fi yawa, kuma duk mai shago ya san yadda take. Su uku ko huɗu ne, ɗaya riƙe da kwaɗo da sarƙa yana kaɗa su, ɗaya da fayil a hammata, za su faɗi kuɗi mai yawa da ƙarfi yadda kwastoma za su ji ka ji kunya, sai can ɗaya ya ja ka gefe ya rage murya ya ce Alhaji kawo wani abu kawai mu wuce. In ka ba da, ko dai ba rasit ko a yago maka wata takarda da aka buga a shagon hoto-kwafi, ba sunanka ba lambar da za a iya bibiya.

Abun da ya kamata ka sani: tun dokar haraji ta jihar Kaduna ta 2016 aka haramta karɓar kuɗin shiga na gwamnati hannu da hannu, a banki ake biya ko ta intanet, akwai ma manhajar PayKaduna da aka yi don haka. Saboda haka ko mutumin ma'aikaci ne na gaskiya, in ya karɓi tsabar kuɗi ya zuba aljihu ko ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum, an cuce ka, domin bashin yana nan a kanka wata rana wasu za su dawo. Ka ce musu cikin ladabi, ranku ya daɗe ku ba ni takardar neman biya mai sunana da adadin da sunan harajin, zan je in biya in kawo shaida. Kar ka yi faɗa, kar ka riƙe wa kowa riga. Kira maƙwabtan shago da shugaban ƙungiyarku ko Sarkin Kasuwa, ɗan damfara ba ya son taro. In kuma takardar ta gaske ce amma kuɗin ya yi yawa, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, in ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sabuwar dokar ma ta ƙirƙiro ofis na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji.

6. Masu tare hanya da katako mai ƙusa suna karɓar kuɗin kayan gona fa?

Dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane hawa na gwamnati zai karɓa ta ce ba wanda zai kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ko da hukumar harajin ce da kanta. Amma direban da ya ɗauko tumatir ko masara ya san rana tana yi kaya na lalacewa, shi ya sa yake biya ya wuce, ni ban ga laifinsa ba. Mutum ɗaya ba zai iya da su ba, ƙungiyar direbobi da ta manoma ce za ta tara irin takardun da ake ba su da wuraren da ake tarewa ta kai ƙorafi a rubuce.

7. Wani ya ce zai samo min takardar shaidar biyan haraji cikin kwana ɗaya, zan nemi kwangila ne. Akwai matsala?

Akwai babba. Takardar nan shaida ce ta cewa ka biya harajin shekara uku da suka wuce, kuma yanzu ana iya duba lambarta a kwamfuta a ga ko ta gaske ce. In aka gano ta bogi ce sunanka ne a jiki, shi mai haɗa maka ya daɗe da sauya layi, kai za ka rasa kwangilar kuma ga tuhumar jabun takarda. In za ka sa wani ya taya ka cike-cike ba laifi, amma kuɗin harajin kansa kai za ka biya a asusun gwamnati ka riƙe rasit ɗinka, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 5, ladan aikinsa kuma daban.

8. Na riga na ba su OTP, alat ya fara shigowa. Me zan yi?

Gudu za ka yi da lokaci. Fara toshe asusun, yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a kowace waya a kulle asusu ko da ba wayarka ba ce, ka nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda ka ajiye tun kafin ranar buƙata. Daga nan kira lambar da ke bayan katinka, sannan ka je reshe da ƙafarka ka rubuta ƙorafi ka karɓi lambar ƙorafin, saboda in aka yi sauri wani lokacin ana iya daskarar da kuɗin a asusun da ya faɗa kafin su rarraba shi. Kar ka goge saƙonnin, ɗauki hotonsu da lambar da ta kira ka da lokacin. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma tana da ofis a Kaduna. In banki ya yi sati biyu bai ce maka komai ba kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN.

Abu biyu da ake mantawa. In layinka ya ɗauke sabis haka kawai ba dalili, je ofishin kamfanin layin a ranar, wataƙila wani ya yi welkom-bak da lambarka. Na biyu, bayan an cuce ka wani zai iya kira ya ce shi jami'i ne zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin fayil, su ne dai suka dawo zagaye na biyu. Kuma dan Allah a daina ɓoyewa saboda kunya, akwai wata baiwar Allah a unguwarmu mai sayar da atamfa da ta yi shiru har washegari tana tsoron faɗan maigida, kafin a je banki ba abun da ya rage.

9. Ana biyan kuɗin katin zaɓe? Kuma masu zagayawa suna rubuta lambar kati wai za a ba da tallafi fa?

Rajista kyauta, canjin rumfa kyauta, karɓar kati kyauta, a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko wuraren da ta sanar, kuma kai da kanka za ka karɓa ba a aike. Rajista sau biyu laifi ne, in katinka ya ɓata ne sai ka nemi a sake maka, kar ka sake sabuwa.

Masu bin gida-gida da littafi suna cewa Hajiya kawo katinki da lambar asusu za a sa ki a tallafi, ku yi hattara da su. Lambar katin kaɗai ba za ta sa wani ya yi zaɓe a madadinki ba saboda na'ura sai ta ga yatsa ko fuska (duba tambaya ta 10), amma suna amfani da ita su tsorata mutane wai za su san wanda kika zaɓa, wanda ƙarya ne, kuma ga lambar asusu da ta waya sun tafi da su, gobe sai kiran da aka yi bayani a tambaya ta 3 ya shigo. Mafi muni shi ne masu karɓe katin gaba ɗaya su ba da 'yan kuɗi, su ba zaɓe za su yi da shi ba, so suke ranar zaɓe unguwar da ba ta goyon bayansu ta kasa fitowa. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2026, ta sa tarar da za ta iya kai naira 500,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu a kan saye ko sayar da katin.

10. Mene ne BVAS da IReV ɗin nan, kuma za a iya yi musu kutse?

BVAS ita ce na'urar da ta maye gurbin kad-rida ta 2015, an fara aiki da ita a 2021. Aikinta biyu: ta tantance ka da yatsa ko fuska, sannan bayan an gama ƙirga a ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa, wato fom EC8A, a tura shi IReV, shafin da INEC ta buɗe a 2020 don kowa ya gani. Kowace na'ura da rumfar da aka saita mata, kuma tantancewa ba ta buƙatar netwok, tura hoton ne yake buƙata. Babban amfaninta shi ne tana riƙe adadin waɗanda aka tantance, in ƙuri'un da ke akwati suka fi wannan adadin to an yi aringizo, doka ta ce a soke sakamakon rumfar. Wannan ya rage dangwale da ake yi a ɗaki a cika akwati.

Zancen kutse kuwa, mu a Najeriya ba a na'ura muke jefa ƙuri'a a zaɓen INEC ba, takarda ce kake dangwalawa a ƙirga a gabanka, don haka ba wanda zai zauna a wata ƙasa ya juya abun da ke cikin akwatin Kwarbai ko Gyallesu. Mu 'yan Kaduna mun taɓa zaɓe da na'ura a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da 2021, amma wancan hukumar zaɓe ta jiha ce ta yi. A ganina haɗarin ya fi yawa a hannun mutane, wurin rubuta lamba da wurin tattarawa.

11. To ai a 2023 an ce za a ɗora sakamako nan take ba a ɗora ba, me ya sa zan sake yarda?

Tambayarka tana kan hanya. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau IReV a kan lokaci ba, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, mutane da yawa ba su gamsu ba, kuma a Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta ce IReV wurin kallo ne, ba shi ne wurin tattara sakamako a doka ba. Abun da na ɗauka daga nan shi ne kar mu jingina da shafin intanet kaɗai, takardar EC8A mai sa hannun jami'i da ejan-ejan ita ce hujja. Majalisa kan taɓa dokar zaɓe lokaci zuwa lokaci, saboda haka in zaɓe ya matso a saurari ƙa'idar da INEC ta fitar a lokacin.

Amma zama a gida ba ya hukunta kowa. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, jihar Kaduna kuma ita ce ta uku a yawan masu rajista bayan Legas da Kano da mutum sama da miliyan huɗu. Rumfar da ba kowa ta fi sauƙin murɗewa.

12. Na dangwala na jefa, sai in tafi gida?

In kana da hali kar ka tafi, a kasa a tsare a raka ɗin nan da aka daɗe ana faɗa har yanzu tana aiki in an yi ta cikin natsuwa. A ƙa'idar da aka bi a 2023 ana buɗe rumfa 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi. Ka koma gefe ka jira. Ka lura an nuna akwati ba komai kafin a fara, in aka zo ƙirga a ware ƙuri'u a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a duba adadin da BVAS ta tantance, a rubuta a EC8A da lamba da kuma kalmomi, ejan kowace jam'iyya ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, a manna sakamakon a bango. Ɗauki hoton wanda aka manna, ba laifi ba ne, wurin dangwala ne kawai aka hana shiga da waya.

Daga nan sakamako zai tafi cibiyar tattarawa ta gunduma, ƙaramar hukumar Zariya tana da gunduma 13, Sabon Gari 11, to a wannan tafiyar da daddare ne 31 take iya zama 131. Rakiya aikin ejan ne da masu sa ido da aka ba kati, ba sai gari ya bi su ba, amma in mutum ashirin suna da hoton takardar a wayarsu, mai son ƙara lamba zai yi tunani. In an yi ba daidai ba ɗan takara yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kuma irin waɗannan takardun ne kotu take nema.

13. In an ba ni taliya ko atamfa ko dubu biyar, ba sai in karɓa in zaɓi wanda nake so ba?

Na san halin da ake ciki, ba zan zagi uwar da ta karɓi taliya yara na jin yunwa ba. Amma gaskiya dokar zaɓe ta 2022 ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, tara har naira 500,000 ko wata 12 a gidan yari ko duka biyun. Kuma masu sayen sun waye, sai sun sa ka ɗaga takardar yadda wani na tsaye zai hango, wasu har rantsuwa suke sa mata su yi, kin ga an haɗa ki da nauyin da ya fi taliyar. Kuɗin da ya raba kuma zai fanshe shi ne daga harajin da muka yi magana a tambaya ta 2.

14. Wa ke da alhakin tsaro ranar zaɓe, kuma in 'yan daba suka zo fa?

'Yan sanda ne a gaba, sibil difens da sauran hukumomi suna taya su, akwai kwamitin haɗin gwiwa da shugaban INEC da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro suke jagoranta. A al'ada waɗanda ke tsaye a rumfa ba sa riƙe bindiga, masu makami suna sintiri ne a kewaye, kuma babban mutum ba shi da izinin shigowa rumfa da 'yan rakiyarsa masu bindiga. Kamfen ko raba kaya a cikin mita 300 daga rumfa laifi ne, fizge akwati kuma ɗaurin wata 24 ne a dokar 2022.

In suka zo da makami ka tsira da ranka, akwati ba ya kai rai, inda aka tarwatsa zaɓe ana iya sokewa a sake. Aikin gaske kafin ranar ake yinsa: mai unguwa da limamai da iyaye su zauna da samarin unguwa, domin yaran da ake ba ƙwaya da 'yan kuɗi ba baƙi ba ne, mun san gidajensu. Waɗanda suka ga rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011 a jihar nan, da dokar hana fita da gawarwaki, sun san abun da nake nufi, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe a Arewa cikin 'yan kwanaki, a Bauchi har da masu yi wa ƙasa hidima. 'Yan bautar ƙasan nan da ke riƙe rumfunanmu 'ya'yan wasu ne aka kawo mana amana, a ba su ruwa a kare su.

15. Sakamako yana yawo a WhatsApp tun kafin magariba, har da muryar ɗan takara wai ya janye. In tura?

Kar ka tura. Jami'in INEC mai bayyana sakamako ne kawai yake da ikon cewa wane ya ci. Yanzu da kwamfuta ana iya ƙirƙirar muryar mutum da bidiyonsa yana faɗin abun da bai faɗa ba, kuma tsohon hoton rikicin wata ƙasa ma ana dawo da shi a ce a Kwangila ne ko PZ yanzun nan. Kira wanda ka sani a wurin, ko ka jira rediyo. In kai ne admin na gurup, ranar zaɓe kulle shi ka bar mutum biyu masu hankali su dinga sa abun da aka tabbatar.

16. An ce INEC tana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, a biya 5,000 a samu gurbi. Gaskiya ne?

Tana ɗauka in zaɓe ya matso, amma ta shafinta na INECPRES kuma ba a biyan ko sisi. Ɗaliban ABU da na Nuhu Bamalli da tsohuwar FCE su yi hattara da wannan tarkon, fom ɗin bogin kuma BVN yake nema kamar dai na tambaya ta 3.

17. Iyayenmu da ba sa karatun boko fa, ya za mu kare su?

Ka zauna da Baba da Inna ka gaya musu magana ɗaya da za su riƙe: duk wanda ya kira ya tambayi lamba, su ce sai ɗana ya dawo, su kashe wayar. Ka sa wa layinsu lambar sirri saboda in an sace wayar, ka tura STOP zuwa 2442 a rage musu saƙonnin talla, ka hana a rubuta lambar ATM a jikin katin ko a faɗa wa mai POS da baki ya danna musu. Rasit ɗin shago da na fili a haɗa su a leda ɗaya, ka ɗauki hotonsu a wayarka.

Ranar zaɓe kuma tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da masu buƙata ta musamman ana fara sallamarsu, kuma a wuri irin namu ana raba layin maza da na mata. Wanda ba ya gani yana da damar zuwa da mutumin da shi ya zaɓa ya taimaka masa, ba ejan jam'iyya ne zai kama masa hannu ba. Tun a gida ka nuna wa Inna alamar jam'iyyar da ita take so, ka nuna mata ta dangwala a cikin gida ɗaya kar tawada ta haura layi, sannan ta naɗe takardar yadda jami'in ya nuna kafin ta fito daga wurin dangwalawa.